Sharhi: A hannun wa ya kamata kundin sunayen intanet ya kasance?

A ranar 28 ga Fabrairun 2022, kwana huɗu bayan sojojin Rasha sun kutsa cikin Yukren, gwamnatin Yukren ta aika wasiƙa zuwa ga wata ƙungiya mai zaman kanta da ke birnin Los Angeles na Amurka. Ƙungiyar ita ce ICANN, mai kula da babban kundin sunayen adireshin intanet na duniya. Yukren ta roƙi a goge laƙabin .ru da sauran laƙubban da Rasha ke amfani da su daga kundin, a kuma kashe manyan kwamfutocin da ke riƙe da kwafinsa a biranen Mosko da Saint Petersburg. Da an biya mata wannan buƙata, da miliyoyin shafuka da adireshin imel na bankuna da asibitoci da jami'o'i da jaridun Rasha sun ɓace wa sauran duniya cikin 'yan kwanaki.

Ranar 2 ga Maris shugaban ICANN na lokacin, Göran Marby, ya mayar da amsa cewa hakan ba za ta yiwu ba. Ya bayyana cewa ƙungiyar ba ta da hurumin hukunta wata ƙasa, kuma an kafa ta ne domin intanet ta yi aiki, don haka ba za a mayar da ita makamin tsayar da intanet ɗin ba. Ya ba da wannan amsa ne a makon da ƙasashen Yamma ke rige-rigen ƙaƙaba wa Rasha takunkumi ta kowace fuska.

Wata takwas kafin wannan wasiƙa, a Yunin 2021, masu kallon tashar Press TV ta Iran sun buɗe shafinta sai suka tarar da tambarin hukumomin Amurka da sanarwar cewa an ƙwace adireshin. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta karɓe shafuka 33 na kafofin watsa labarai masu alaƙa da Iran, da wasu uku na ƙungiyar Kata'ib Hizbullah ta Iraƙi, bisa hujjar karya takunkumi. Babu wanda ya nemi izinin ICANN. Umarnin kotu kaɗai ya wadatar, domin laƙabin .com da .net suna hannun Verisign ne, kamfanin da ke jihar Virginia, wanda dole ya bi dokar ƙasarsa. Press TV ta tattara ta koma ƙarƙashin .ir, laƙabin ƙasarta, inda hannun kotun bai kai ba.

Waɗannan al'amura biyu sun faru a kan tsari guda, amma sakamakonsu ya sha bamban. Duk mai son fahimtar jayayyar da aka shafe fiye da shekara ashirin ana yi a kan wanda ya kamata ya mallaki sunayen intanet, sai ya riƙe su duka biyun a zuci.

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Idan mutum ya rubuta sunan wani shafi a wayarsa, kafin ƙiftawar ido wayar takan tambayi wata kwamfuta lambar da ke bayan wannan suna, kamar yadda ake duba sunan aboki a waya don a samu lambarsa. Wannan tsarin tambaya da amsa shi masana ke kira DNS, kuma wani injiniya ɗan Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara shi a 1983. Ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan sa'a shida, kwamfutocin kamfanin suna nan daram. Hanyar da za a bi a tambayi lambarsu ce ta toshe sakamakon wani kuskure na cikin gida, sai ya zama tamkar ba su taɓa wanzuwa ba.

Tsarin hawa-hawa ne. Kowane suna yana ƙarewa da laƙabi: .com ko .org, ko na ƙasa kamar .ng na Najeriya, .ne na Nijar, .gh na Ghana, .td na Chadi. Kowane laƙabi yana da mai riƙe da rajistarsa. A can sama kuma akwai kundi guda ɗaya, ɗan ƙarami, wanda ke ɗauke da jerin laƙubban duka da bayanin wanda ke riƙe da kowanne. Shi ne tushe. Ana rarraba shi ta adireshi 13 da hukumomi 12 ke gudanarwa. Goma daga cikin adireshin suna hannun cibiyoyin Amurka, ciki har da NASA da sashen bincike na rundunar sojin ƙasar, sauran ukun kuma suna hannun cibiyoyi a Holan da Suwidin da Japan. A yau akwai kwafin waɗannan kwamfutoci fiye da dubu ɗaya a faɗin duniya, har da Legas, amma dukkansu abin da aka rubuta a kundin nan guda suke maimaitawa. Wanda ke da ikon ƙara layi ko goge layi a cikinsa, shi ne ake jayayya a kansa.

Da farko mutum ɗaya ne ke wannan aiki. Jon Postel, malami a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, shi ke raba laƙubba da lambobi da kuɗin bincike na gwamnatin Amurka, kuma sau da yawa yakan damƙa laƙabin ƙasa ga wanda ya fara nema matuƙar ya ga alamar zai iya riƙewa. A Janairun 1998 ya aika wa masu gudanar da takwas daga cikin kwamfutocin tushe saƙo cewa su riƙa ɗaukar kundin daga wurinsa maimakon kamfanin da gwamnati ta bai wa kwangila. Duka takwas ɗin suka bi umarninsa. Fadar White House ta sa ya janye cikin kwanaki. Postel ya ce gwaji yake yi, amma gwamnatin Amurka ta ɗauki darasin: daga nan ta bayyana cewa ba za a sake taɓa tushen ba sai da yardarta. A cikin wannan shekarar aka yi wa ICANN rajista a jihar Kalifoniya a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, Postel kuma ya rasu a watan Oktoba kafin ya ga yadda za ta kaya.

Shekara goma sha takwas ICANN ta yi tana aiki ƙarƙashin sa idon Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka. Duk gyaran da za a yi wa kundin, ko da sauya lambar kwamfutar da ke riƙe da .ng ne, sai wani jami'in ma'aikatar ya sa hannu. Amurka ta sha cewa wannan aikin akawu ne kawai, kuma gaskiya ne ba ta taɓa goge laƙabin wata ƙasa ba ko a lokacin yaƙi. Amma a 2005, da ICANN ta kusa amincewa da laƙabin .xxx na shafukan batsa, wasiƙa daga ma'aikatar ta sa aka jingine maganar, ba a kammala ba sai 2011. Sauran ƙasashe sun lura. Ko da sun ƙi jinin laƙabin, sun ga cewa takarda ɗaya daga Washington ta fi duk ƙorafinsu nauyi.

Ƙorafin ya fito fili a taron ƙoli na Majalisar Ɗinkin Duniya kan fasahar sadarwa, wanda aka yi kashi biyu, a Jeniba a 2003 da Tunis a 2005. Birazil da Sin da Iran da wasu ƙasashe masu tasowa sun nemi a mayar da sa idon hannun wata hukuma ta gwamnatoci. Amurka ta ƙi. Aka tashi da kafa wani dandalin tattaunawa na shekara-shekara wanda ba shi da ikon zartar da komai, da kuma wata ƙa'ida mai muhimmanci: kada wata ƙasa ta sa baki a shawarar da ta shafi laƙabin wata ƙasar. A Disambar 2012 aka sake gwabzawa a Dubai, a taron Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ɗan Mali Hamadoun Touré ke shugabanta a lokacin. Rasha da Sin da Saudiyya da Sudan da wasu suka kawo daftarin da zai bai wa gwamnatoci iko a kan sunaye da lambobi, daga baya aka janye shi. Duk da haka taron ya rabe: ƙasashe 89 suka sa hannu a yarjejeniyar ƙarshe, 55 suka ƙi, Amurka da akasarin ƙasashen Turai na cikinsu.

Abin da taruka suka kasa, tonon asirin Edward Snowden a 2013 ya yi shi. Leƙen asirin da aka bankaɗo ba shi da alaƙa da kundin sunaye, amma ya zubar da amanar da ake bai wa Amurka, har shugabar Birazil Dilma Rousseff ta caccake ta a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. A Maris ɗin 2014 gwamnatin Obama ta sanar cewa za ta saki linzamin, da sharaɗin ba za ta miƙa shi ga wata gwamnati ko hukumar gwamnatoci ba. Sanata Ted Cruz ya yi ta kamfe cewa ana shirin bai wa Rasha da Sin intanet, jihohi huɗu suka garzaya kotu a Texas a kwanakin ƙarshe, alƙali ya yi watsi da buƙatarsu. Ranar 1 ga Oktoban 2016 kwangilar ta ƙare. Shekarar 2026 ce ke cika shekara goma da wannan sauyi.

Sa hannun jami'in Washington ya kau, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A madadinsa aka bai wa ɓangarorin da suka haɗu suka zama ICANN, wato masu riƙe da rajista da dillalan sunaye da injiniyoyi da ƙungiyoyin farar hula da wakilan masu amfani da intanet, ikon ƙin kasafin kuɗi da tsige mambobin hukumar gudanarwa. Gwamnatoci fiye da 180 suna da kwamitinsu na ba da shawara, kuma idan suka haɗu a kan magana ɗaya, sai kashi 60 cikin ɗari na hukumar gudanarwa sun yarda kafin a ƙi ta. Amma ba su da ƙuri'a a hukumar.

Abin da bai kau ba shi ne doka. ICANN har gobe kamfanin Kalifoniya ce, kotunan Amurka ke yi mata shari'a, kuma takunkumin Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ya hau kanta, ta yadda sai ta nemi lasisi kafin ta yi wasu hulɗoɗi da mutanen ƙasashen da aka sa wa takunkumi. Makullan sirri da ake sa wa kundin hatimi da su tun 2010, waɗanda amintattun mutane daga nahiyoyi daban-daban ke haɗuwa sau huɗu a shekara su buɗe a gaban kyamara, suna ajiye ne a wurare biyu, ɗaya a Kalifoniya ɗaya a Virginia.

Shari'o'i uku sun nuna abin da wannan ke nufi. A 2014 wasu Amurkawa da suka yi nasara a ƙarar neman diyya kan hare-haren ta'addanci sun nemi kotu ta ƙwace .ir na Iran da .sy na Siriya da .kp na Koriya ta Arewa a matsayin kadarar biyan bashi. Kotun farko ta ƙi, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a Agustan 2016, tana mai la'akari da ɓarnar da za a yi wa tsarin baki ɗaya. Hukuncin ya yi kyau, sai dai alƙalai ne a Washington suka yanke ko ƙasashe uku za su ci gaba da mallakar sunayensu. A 2019 kuma aka ƙulla cinikin sayar da rajistar .org, wadda ƙungiyoyin agaji na duniya suka dogara da ita, ga wani kamfanin zuba jari a kan dala biliyan 1.135. An yi ta kuka daga ko'ina, amma ICANN ta ƙi amincewa da cinikin ne a ƙarshen Afrilun 2020, makonni biyu bayan babban lauyan jihar Kalifoniya ya rubuta mata wasiƙar gargaɗi.

Ta uku ta shafi Afirka kai tsaye. A 2012 masu nema biyu suka fito don laƙabin .africa: wata cibiya ta Afirka ta Kudu da ke da goyon bayan Hukumar Tarayyar Afirka, da wata ƙungiya mai suna DotConnectAfrica. Gwamnatoci suka ba da shawarar a yi watsi da ta biyun, ICANN ta bi, kwamitin bita mai zaman kansa ya ce a 2015 ICANN ta saɓa wa ƙa'idojinta wajen yin hakan, daga nan magana ta koma kotunan Los Angeles. Sai a Fabrairun 2017 aka shigar da .africa cikin kundin. Nahiya mai ƙasashe fiye da hamsin ta yi kusan shekara biyar tana jiran sunanta, shekarar ƙarshe kuma tana jiran alƙalin wata jiha da ke wancan gefen teku.

Saboda haka masu cewa a mayar da komai hannun Majalisar Ɗinkin Duniya ba maganar banza suke yi ba. Hujjarsu ita ce ITU, wadda aka kafa tun 1865, ita ke raba lambobin kiran waya na ƙasashe, +234 ga Najeriya, +227 ga Nijar, kuma duniya ba ta tashi ba. A can kowace ƙasa tana da ƙuri'a ɗaya, Chadi daidai take da Amurka. Rasha da Sin sun sake jaddada wannan matsayi a sanarwar haɗin gwiwa da shugabanninsu suka fitar a Beijing ranar 4 ga Fabrairun 2022, kuma Rasha ta tsayar da ɗan takara don shugabancin ITU a wannan shekarar, ya sha kaye a hannun 'yar Amurka Doreen Bogdan-Martin da ƙuri'a 139 da 25.

Raunin hujjar yana cikin wasiƙar Yukren. A makon da aka aika ta, ƙasashe 141 suka kaɗa ƙuri'ar yin tir da Rasha a Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Da kundin yana hannun majalisar da ake yanke hukunci da rinjaye, da wuya a ce buƙatar ba za ta kai ga ƙuri'a ba, kuma da zarar an goge laƙabi ɗaya saboda siyasa, an buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Ƙananan ƙasashe su ne za su fi shiga haɗari, domin su ne ake saurin ƙaƙaba wa takunkumi idan sojoji suka yi juyin mulki ko aka saɓa da manya. Ɗan kasuwar Yamai da ke da shafi a ƙarƙashin .ne bai rasa adireshinsa ba a 2023, lokacin da aka rufe wa Nijar iyakoki aka yanke mata wutar lantarki. Babu wanda yake da hurumin taɓa shi.

Akwai kuma tarihin gwamnatocin kansu. A cikin iyakarta, kowace gwamnati tana da ikon umartar kamfanonin sadarwa su daina amsa tambayar wani suna, kuma da yawa suna yi. Turkiyya ta toshe Twitter ta wannan hanya a 2014. Najeriya ta dakatar da shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS kuma ta ce matakin ya saɓa wa doka. Rasha ta yi doka a 2019 da ta tanadi nata kundin na cikin gida. Irin wannan iko yana tsayawa a bakin iyaka, kuma mutanen ƙasar suna iya ƙalubalantarsa a kotu ko a akwatin zaɓe. Idan aka ɗora shi a kan tushen, sai toshewar ƙasa ɗaya ta zama ta kowa. Gudun kotun Kalifoniya zuwa zauren ƙuri'ar gwamnatoci na iya zama gudun gara a faɗa gidan zago.

Wannan bai wanke tsarin da ake da shi ba. Ana kiransa tsarin da kowa ke da baki a ciki, amma baki sai da guzuri. ICANN na yin manyan taruka uku a shekara a nahiyoyi daban-daban, ainihin aikin kuma ana yinsa ne a kwamitocin da ke ɗaukar shekaru suna muhawara da Turancin lauyoyi. Kamfanin da ribarsa ta rataya a kan sakamakon yana biyan ma'aikaci ya zauna a kowane zama. Malamin jami'a daga Zariya ko Kumasi sai ya nemi tallafin tafiya da biza. A 2012, da aka buɗe ƙofar neman sababbin laƙubba a kan dala 185,000 kowanne, takardu 1,930 aka shigar, 17 kacal daga Afirka. Labarin .amazon ma ya nuna inda ma'aunin ke karkata: ƙasashe takwas na yankin kogin Amazon, Birazil da Peru a gaba, sun yi shekara bakwai suna adawa da bai wa kamfanin Amazon sunan yankinsu, a 2019 aka ba shi.

Hatta haruffan da ake rubuta suna da su sun nuna wanda ya riga kowa zama. Tsarin asali haruffan Turanci 26 da lambobi da karan ɗori kawai ya sani. Sai a 2010 aka shigar da laƙubban farko da haruffan Larabci, na Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Bahaushe kuwa har yanzu yakan jefar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ idan zai yi rajistar suna, domin ko da fasaha ta ba da dama, manhajoji da yawa ba sa karɓar adireshin da ke ɗauke da su, sai ƙasa da kasa su zama abu ɗaya.

Gyaran da ya fi kusa da hankali bai buƙaci rushe ICANN ba. An daɗe ana ba da shawarar a ba ta irin kariyar da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ke samu daga ƙasar da ta karɓi baƙuncinsu, ta yadda kotun gida ko takunkumin ƙasa ɗaya ba za su kai ga kundin ba, a kuma mayar da ƙa'idar Tunis ta rashin taɓa laƙabin wata ƙasa ta zama alkawari mai ɗaure kowa. Birazil ta matsa a kan batun hurumin shari'a a tattaunawar da ta biyo bayan 2016, ba ta samu rinjaye ba. Babu alamar majalisar dokokin Amurka za ta yarda ta rage ikon kotunanta da kanta. Ko da ta yarda ma, .com zai ci gaba da zama a hannun kamfanin Virginia, da sunaye fiye da miliyan 150 a ƙarƙashinsa, kuma abin da ya sami Press TV ba daga tushen ya fito ba.

A nan ne maganar ta dawo gida. Laƙabin .ng an fara ba da shi ne a 1995, da wakilci a Kwalejin Fasaha ta Yaba, kwamfutocinsa kuma a Italiya. An yi shekaru ana jayayya a kan wanda ya cancanci riƙe shi, sai da Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki a 2004, aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005 don gudanar da shi a ƙarƙashin sa idon hukumar NITDA, aka kammala miƙa mata shi a 2009. Wannan iko ne na gaske, wanda dokar Najeriya ke hukunci a kansa, ana kuma biyan kuɗinsa da naira. Amma a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, sunayen da aka yi wa rajista a ƙarƙashin .ng ba su kai rabin miliyan ba, alhali .za na Afirka ta Kudu ya haura miliyan ɗaya, .de na Jamus kuma ya haura miliyan 17. Bankuna da jaridu da manyan kamfanoni da dama sun fi son .com, wanda farashinsa na sari ya kai dala 10.26 a shekara a Satumbar 2024, kuma suna sabunta shi da dala duk yadda naira ta faɗi. Sai da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fito da manufa a Fabrairun 2022 don tilasta wa ma'aikatu amfani da .gov.ng maimakon imel ɗin kamfanonin waje a aikin hukuma. Zanen aro ba ya rufe katara, amma mai shi ya fi kowa jinkirin ɗinka nasa.

Wasu ƙasashen yankin sun ma fi haka sakaci. Mali ta bar .ml a hannun wani ɗan kasuwa ɗan Holan na tsawon shekara goma, har zuwa Yulin 2023, lokacin da aka gano cewa dubban saƙonnin sojojin Amurka da aka yi kuskuren harafi ɗaya a adireshinsu na .mil suna faɗawa can. Gabon ta karɓo .ga a wannan shekarar daga kamfanin da ke raba sunayen kyauta, bayan laƙabin ya yi ƙaurin suna wajen damfara. Ɗan tsibirin Anguilla kuwa, mai mutum kusan 16,000, ya samu kimanin dala miliyan 32 a 2023 daga .ai, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar gwamnatinsa, saboda haruffan sun dace da sunan da ake kiran ƙirƙirarriyar basira da shi a Turance.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne halin da AFRINIC ta shiga. Ita ce cibiyar da ke raba lambobin intanet ga nahiyar Afirka tun 2005, tana da mazauni a Morishus, kuma ita ce misali mafi girma na ikon intanet da ke hannun 'yan Afirka a ƙarƙashin dokar wata ƙasar Afirka. Taƙaddama da wani kamfani a kan miliyoyin lambobi ta haifar da ɗimbin ƙararraki, kotu ta rufe asusunta na banki a 2021, ta zauna babu hukumar gudanarwa babu shugaba daga 2022, kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Zaɓen da aka yi a Yunin 2025 an soke shi, sai a Satumba aka samu sababbin daraktoci. Duk wakilin Afirka da zai tashi a taro ya ce kotun Kalifoniya ba ta cancanci riƙe makomar kundin ba, sai an tambaye shi yadda kotun Port Louis ta yi da tasa cibiyar.

Abubuwa biyu ke kan kalandar 2026. ITU ta tsara babban taronta na wakilan ƙasashe a Doha a watan Nuwamba, inda ake zaɓen shugabanni ake kuma sabunta ƙudurorin da suka shafi intanet, kuma tsohuwar muhawarar ba ta taɓa rasa mai tayar da ita a irin wannan zama ba. ICANN kuma ta tsara zagaye na biyu na neman sababbin laƙubba, karo na farko tun 2012. Birane irin su Landan da Tokyo da Cape Town da Durban sun samu nasu a zagayen farko. Ta ware tallafin rage kuɗi ga masu nema daga ƙasashe masu tasowa, amma cikakken kuɗin shiga a wannan karon dala 227,000 ne.